Wuraren Da Tsintsiya Ba Ta Kaiwa A Makewayi

'Yan'uwa manoma, sa'ad da nake zagaya ƙauyuka nakan tarar da tsakar gida a share tas, amma yara suna fama da zawo. Sau da yawa cutar tana ɓoye ne a makewayi, a wurare huɗu da ake mantawa da su.

Na fari, murfin salga. Ku juya shi ku duba ƙarƙashinsa. Nan ƙudaje ke taruwa, sa'an nan su sauka kan tuwo. A wanke shi da sabulu ko toka, a rufe ramin kullum.

Na biyu, mariƙin buta. Kowa yana kama shi kafin ya wanke hannu, yaro kuwa yakan sha ruwa a bakin butar. A goge ta ciki da waje.

Na uku, ƙasan dutsen wanka. Inda yara suka yi bayan gida a ƙasa mai danshi, tsutsar da ke shan jini a hanji takan ƙyanƙyashe, ta shiga jiki ta fatar ƙafa. A ɗaga dutsen, a bar wurin ya bushe, a riƙa sa takalmi.

Na huɗu, rariya ta bayan katanga. Ƙwan sauro yakan zama sauro cikin kwana 7 zuwa 10 a kwantaccen ruwa. A haƙa rami a cika shi da tsakuwa, domin ruwan ya nutse.

Aikin nan ba ya cin kobo, gama toka tana murhu. Amma jinyar mako guda a lokacin noman fari takan bar gona cikin ciyawa. Ku tattauna wannan a taron ƙungiyarku kafin damina ta sauka.