Uwargida, ina kike ajiye janareta da dare?

An ɗauke wuta, zafi ya hana yara barci, sai a tayar da janareta. Saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama, gidaje da yawa kan shigar da shi zaure, kicin ko ƙarƙashin taga. Haɗarin ke nan.

Hayaƙinsa yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi balle wari. Tana manne wa sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin sau 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su galabaita. Mai barci yakan wuce suma bai farka ba. Jarirai da masu juna biyu sun fi saurin cutuwa.

A asibiti mukan ga iyalan da suka ɗauka maleriya ce. Idan mutum biyu ko uku a gidanki suka kamu da ciwon kai, jiri da tashin zuciya lokaci guda, babu zafin jiki, ki zargi hayaƙi. Fitar da kowa waje, kashe injin, ku tafi asibiti. Kada ki ɗura wa wanda ya suma manja ko madara, zai iya shaƙewa.

Ajiye janareta a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bakin salansa na kallon nesa da ɗakuna. Don ɓarayi, ku yi masa keji mai rufi da iska ke ratsawa. Kashe shi kafin ku kwanta, kuma ki bari ya huce kafin a ƙara fetur.