Yashi A Akwatin Kunkuru: Shimfiɗa Ce Ko Ajali?

Kiwon kunkuru tsohon abu ne a gidajen Hausawa. Yanzu kuma samari sun shigo da sabon yayi: damo a akwati, hawainiya a keji, ana ɗauka ana ɗorawa a TikTok. Kusan kowa abu ɗaya yake fara yi, ya ɗebo yashin gini ya malala a ƙasan akwatin, wai ai dabbar daji ce, a kan yashi ta saba. To, 'yan uwa ɗalibai, a nan gizo ke saƙar.

Mu fara da dajin da ke kusa da mu. Gandun Kamuku na Birnin Gwari, wanda ya zama gandun dabbobi na ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, amma ƙasarsa ba rairayi ba ce. Ƙasa ce mai tauri da marmara, ga ciyawa, ga busasshen ganye. Ko babban kunkurun nan na Sahel, wanda shi ne na uku a girma a duniya, ba a kan tulin yashi yake wuni ba. Rami yake haƙawa mai zurfi ya shige, inda akwai sanyi da danshi. Yashi zalla kuwa ba ya riƙe rami, ba ya riƙe laima.

Babbar matsalar tana wajen cin abinci. Ka yanka latas ko kabewa ka zuba a kan yashi, sai yashin ya manne a jiki, dabba ta haɗiye duka. Damo ma in ya kai wa fara cafka, da yashi yake haɗawa. Ciki ba ya narkar da yashi. Kaɗan-kaɗan yake taruwa har ya dunƙule ya toshe hanji.

Abubuwa uku ke ƙara dagula lamarin. Na farko sanyi: waɗannan dabbobi da zafin rana suke ɗumama jikinsu, don haka da hunturu narkewar abinci takan yi nawa. Na biyu ƙishirwa, domin busasshen hanji ba ya tura komai. Na uku ƙarancin sinadarin kalsiyam, wanda kan sa dabba ta riƙa cin ƙasa da gangan. Ga kuma ƙurar yashi da ke shiga ido da hanci.

Akwai wani haɗarin da ya shafe mu kai tsaye. Yankinmu na haƙar zinare ne, kuma ƙasar wuraren niƙa da wanke dutse tana iya ɗauke da gubar dalma. Ita ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ta kuma kashe 28 a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, maƙwabciyarmu, a 2015. Wanda ya kwaso irin wannan ƙasa ya kai tsakar gida, ba kunkuru kaɗai ya jefa cikin haɗari ba, har da ƙannensa masu rarrafe.

To, me za a shimfiɗa? Samo ƙasar da ba a zuba mata taki ko maganin feshi ba. Auna kwano 7 na ƙasa, ka haɗa da kwano 3 na wankakken yashi, ka yayyafa ruwa ka danne, sannan ka baza busasshen ganye a gefe guda. Idan dabbar jaririya ce, bar yashin gaba ɗaya. Abinci a faranti ko kan faffaɗan dutse, ruwa kullum a kasko marar zurfi. A sami ɓangaren da rana ke bugawa da ɓangaren inuwa, a riƙa barbaɗa dakakken ɓawon dafaffen ƙwai a abinci. Ita hawainiya rassa take buƙata, ba ruwanta da yashi. In ka gama shara, wanke hannu da sabulu, domin kashinsu kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela.

An ce damo sarkin haƙuri, kuma haƙurin nan ne ke yaudarar mai kiwo, don ba kuka zai yi ba. Kai ne za ka sa ido: ya daina ci, kwanaki ba kashi, yana ta nishi a banza, ko yana jan ƙafafun baya. Kunkuru ne? Sa shi cikin ruwa mai ɗumi da bai kai masa hanci ba, na minti 20. In shiru, kada ka ɗura masa man ja ko jiƙo. Nemi likitan dabbobi; akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kuma hoton ciki yana nuna yashin da ya taru.

Doka dai ta hana ɗauko dabba daga Kamuku, kuma babban kunkurun Sahel yana cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. Wanda ya riga ya shigo hannunka kuwa amana ne, zai iya shekara hamsin ko fiye yana tare da kai. Yau in ka koma gida, leƙa akwatin ka ga a kan me yake cin abinci.