Ranar da A Ke Hana Motoci Bin Titi: Labarin Birnin Bogota

An shirya wannan 'yar takarda ne domin hakimai da malamansu, musamman waɗanda garuruwansu suka cika da motoci har yara suka rasa filin wasa. Za a bayyana yadda wani birni mai nisa ya ke rufe manyan titunansa sau ɗaya kowane mako, ya bar su ga masu tafiya a ƙasa da mahaya kekuna, da kuma abin da ya sa wannan al'ada ta ɗore fiye da shekara 50.

Sunan birnin Bogota, shi ne babban birnin ƙasar Kolambiya a Amurka ta Kudu. Yana bisa wani tudu mai tsawon ƙafa 8,600, saboda haka ba a fama da zafi a can. Mutanensa sun fi miliyan 7, cunkoson motocinsa kuwa sananne ne a duniya.

Yadda abin ya fara

Ran 15 ga watan Disamba, 1974, wata ƙungiya ta masu son keke mai suna Pro-Cicla ta sami izinin rufe tituna biyu na tsakiyar birni na 'yan sa'o'i. Ɗaya daga cikin shugabanninta shi ne Jaime Ortiz Mariño, mai zanen gine-gine. Mutum wajen 5,000 suka fito. Nufinsu su nuna wa hukuma cewa titi ba na mai mota kaɗai ba ne, tun da ya ke galibin mutanen birnin ba su da mota. A 1976 magajin garin, Luis Prieto Ocampo, ya sa hannu a kan doka wadda ta mai da abin aikin hukuma. Sunan da a ke kiransa Ciclovía, watau hanyar keke da harshen Sifaniyanci.

Yanzu kowace Lahadi, wadda ita ce ranar hutunsu, da kowace ranar hutu ta gwamnati, daga ƙarfe 7 na safe zuwa ƙarfe 2 na rana, ana rufe tituna masu tsawon mil 75, watau sama da kilomita 120. An ƙiyasta mutum fiye da miliyan ɗaya su ke fitowa kowane mako. Wani a kan keke, wani yana gudu, wani yana tura tsohonsa a keken guragu, uba na koya wa ɗansa hawa. A bakin hanya akwai masu sayar da 'ya'yan itace da abin sha, da masu faci da gyaran keke. A wasu filaye a kan kafa dandamali, a sa kiɗa, malamin motsa jiki ya hau yana nuna wa jama'a suna bi, ba a biyan ko kwabo.

Inda aikin ya ke

Wanda ya ga taron sai ya yi tsammani shinge kawai aka gicciya aka tafi. Ba haka ba ne. Tun kafin gari ya waye ma'aikata su ke fita da shingaye da alamu, su jera su bisa tsarin da aka riga aka zana. Ƙarfe 2 na yi kuma su kwashe, motoci su koma hanyarsu. Ba a jinkirta buɗewa don taro ya yi daɗi. Wannan shi ne ginshiƙin abin duka: mai mota ya san ranar, ya san sa'ar rufewa, ya san sa'ar buɗewa, mako bayan mako, saboda haka ya kan shirya tafiyarsa tun da wuri. Mutum ya kan jure wa takurar da ya san iyakarta. Wadda ta same shi ba zato, ita ke kawo zage-zage da ƙara gaban hukuma.

Na biyu, ba a datse birnin gaba ɗaya. Inda titi ya ke da hannu biyu, sau da yawa hannu ɗaya a ke rufewa, motoci su bi ɗayan. A manyan mararraba kuma a kan tsai da mahaya kekuna, motoci su gitta, sa'an nan a sake su. Da haka motar asibiti da ta kashe gobara ba su rasa hanya ba, wanda gidansa ke tsallake kuma bai zama ɗan kurkuku ba.

Na uku, akwai masu tsaro waɗanda wannan ne aikinsu, ana biyansu, an kuma koya musu taimakon farko ga wanda ya faɗi ya ji ciwo. Suna sanye da tufafin da a ke gane su daga nesa, suna kewayawa a kan kekuna. 'Yan makarantun sakandare kan taimaka wajen tsare mararraba, a lasafta musu shi cikin aikin taimakon jama'a da a ke bukata gare su.

Ya kamata a lura da wani abu da ya auku. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990 abin ya yi rauni, tsawon hanyar ya ragu ƙwarai, domin yana hannun ofishin sufuri, wanda babban aikinsa shi ne ya ga motoci suna gudu. A 1995 aka ɗauke shi aka danƙa wa hukumar wasanni da shaƙatawa ta birnin, a zamanin da Guillermo Peñalosa ke shugabancinta. Daga nan aka tsawaita hanyar, aka haɗa unguwannin talakawa na kudu da na masu hali na arewa. Aikin bai sake ba, mai riƙonsa ne ya sake.

Amfaninsa da ƙorafin da a ke yi

Wani bincike da aka buga a 2012 ya lasafta cewa kowace dala ɗaya da aka kashe a kan wannan shiri a Bogota ta kan rage dala 3 zuwa 4 na kuɗin jinya, saboda jama'a suna motsa jiki. Hayaƙi da ƙarar injuna su kan ragu a titunan da aka rufe. Ƙananan 'yan kasuwa kuma suna samun ciniki. Amma ba kowa ke murna ba. Direbobin haya da wasu masu kantuna sun sha kuka, har an taɓa kai shawara majalisar ƙasa a rage sa'o'in, jama'a suka ƙi, shawarar ba ta wuce ba.

Wasu birane sun kwaikwaya: Birnin Meziko a 2007, Kigali ta ƙasar Ruwanda a 2016, Adis Ababa a 2018.

Abin da ya shafe mu

Rufe hanya domin taron jama'a ba baƙon abu ba ne ga hakimai. Duk wanda ya taɓa kai dawakinsa hawan Salla ya san yadda a ke kau da motoci daga hanyar da Sarki zai bi, dogarai da 'yan sanda suna tsare da ita. Bambancin shi ne, a ranar hawa jama'a 'yan kallo ne a gefe, a Bogota kuwa su ne a tsakiyar titi.

Hakimin da jama'arsa suka nemi irin wannan, ya fara tuntuɓar ƙaramar hukuma da 'yan sanda, domin ikon rufe titi ba a hannunsa ya ke ba. Kada a zaɓi ranar kasuwa, kada kuma a taɓa hanyar asibiti ko ta tashar mota. A ji ta bakin shugabannin direbobi da masu kantunan da ke bakin titin tun kafin a yanke shawara, masu unguwa kuma su sa a yi shela da sauran kwanaki. Gajeren titi ɗaya na sa'a uku ya isa gwaji. Malamin hakimi ya rubuta sa'ar da aka rufe, da sa'ar da aka buɗe, da yawan masu tsaro, da kowace ƙara da aka kawo, a duba littafin kafin a sa ranar ta biyu.