Abin da ya kamata ku sani: wace nas ce ke kula da majinyacinku?

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibiti, a Dutse ne ko a Birnin Kudu, ya san yadda abin yake. Wannan nas ta zo ta auna zafin jiki da hawan jini, waccan ta raba magani, wata daban ta wanke ciwo. Ka tambayi ɗaya yaushe za a sauya ledar ƙarin ruwa, ta ce ka jira mai allura. Mutane kan ɗauka wulaƙanci ne, alhali sau da yawa tsarin rabon aikin ne ya zo da haka.

A wannan tsari, aiki ake rabawa, kowace nas ta ɗauki nata ta bi gadaje da shi. Ya yaɗu a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙwararrun nas-nas suka tafi fagen daga aka bar asibitoci da ƙarancin hannu. Yana da sauri, mutum uku sa iya zagaye ɗaki guda. Illarsa ita ce kowa ta san ɓangaren da ta taɓa, amma da wuya a samu wadda ta san halin majinyacin gaba ɗaya. Ta nan ne ƙananan alamu ke kuɓucewa, kamar tsohon da ya daina cin abinci tun jiya ko yaron da fitsarinsa ya ragu.

Don gyara wannan aka fito da aikin rukuni a shekarun 1950: babbar nas ta jagoranci ƙanana da ɗalibai, a damƙa musu wasu gadaje su san su ciki da bai. Tsarin ya dace da wurin koyarwa irin Asibitin Rasheed Shekoni, wanda yanzu yake asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse. A ƙarshen shekarun 1960 kuma, Marie Manthey da abokan aikinta a asibitin Jami'ar Minnesota suka ce a ba kowane majinyaci nas guda da za ta ɗauki alhakinsa daga kwanciya har sallama. A ganina wannan ya fi kowanne kyau, sai dai yana cin ma'aikata. Akwai kuma na ɗakin kulawa ta musamman, inda nas ke tsare mutum ɗaya ko biyu tsawon lokacin aikinta.

Yawan hannu shi ke yanke tsarin da asibiti zai iya bi. Binciken Linda Aiken na 2002 a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata na ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Jigawa na horar da nas-nas a Birnin Kudu, amma gadaje sun fi hannu yawa, musamman da dare, shi ya sa mai jinya ya zama ɓangaren aikin ko da ba a rubuta sunansa a jadawali ba. Shi ke ba da abinci, ya yi wa majinyaci wanka, ya je sayen magani.

To, idan kun kwantar da naku, ku fara tambayar wace ce shugabar ɗakin, kuma wa ke riƙe da gadonku a wannan lokacin. Ku kasance kusa sa'ad da masu tashi ke miƙa aiki ga masu kamawa, domin a nan ake karanta bayanin kowane gado. Ku faɗi abin da kuka gani, amai ne ko zazzaɓi ko rashin barci. In an ba shi jiƙo ko wani maganin gida, kada ku ɓoye. Kada kuma ku taɓa saurin ƙarin ruwa da hannunku, ku kira nas.