Mudun Jiya Da Mudun Yau: Waƙoƙin Michael Jackson A Jadawalin Billboard

Tun daga watan Oktoba na shekarar 2023, lokacin da mujallar Billboard ta Amurka ta sanar da cewa mawaƙin nan na Kanada, Drake, ya kamo marigayi Michael Jackson a yawan waƙoƙin da suka hau matsayi na ɗaya a jadawalinta, kowannensu da waƙa 13, wata gardama ta samu gindin zama a shafukan sada zumunta da majalisun matasa. Wasu na cewa tunda lissafi ya zo daidai to girma ma ya zo daidai, wasu kuma na rantsuwa cewa maguɗi aka tafka domin a rage darajar mutumin da ba ya raye balle ya kare kansa. Ɓangarorin biyu sun yi tarayya a kuskure guda, wato ɗaukar jadawalin tamkar alƙalin da ke yanke hukunci kan wace waƙa ce ta fi daɗi ko wane mawaƙi ne ya fi ƙarfi a duniya, alhali ba don haka aka ƙirƙiro shi ba, kuma tarihin waƙoƙin Jackson shi ne shaida mafi kusa.

Jadawalin da ake magana a kansa, wanda ake kira Hot 100, jeri ne na waƙoƙi ɗari da mujallar ke fitarwa duk mako tun ranar 4 ga Agusta 1958, wato kwana 25 kafin haihuwar Jackson a garin Gary na jihar Indiana. Abin da yake aunawa shi ne yadda kasuwar kowace waƙa ta ci a cikin Amurka kaɗai cikin kwana bakwai, ta hanyar haɗa yawan waɗanda suka saye ta da yawan sanya ta a gidajen rediyo, sannan a wannan zamani da yawan saurarenta kai tsaye ta intanet. A zamanin Jackson ba kowace waƙa ke da ikon shiga ba sai waƙa tilo, wato wadda kamfani ya ciro daga cikin kundi ya buga ta a ƙaramin faifai ya kai ta kanti ita kaɗai, kuma wannan sharaɗi shi ne mabuɗin fahimtar duk lissafin da ake gardama a kai.

Jackson ya fara ganin saman jadawalin yana ɗan shekara 11, a cikin ƙungiyar Jackson 5 da ya haɗa da yayyensa a ƙarƙashin kamfanin Motown, inda waƙoƙinsu huɗu na farko a kamfanin suka hau matsayi na ɗaya a jere cikin shekarar 1970, sai dai ba a lissafa masa su cikin 13 ɗin domin da sunan ƙungiya aka fitar da su. Ta farko da sunansa shi kaɗai ita ce “Ben” a watan Oktoba na 1972, daga nan kuma ya yi shekara bakwai bai sake taka wurin ba, har sai da ya koma kamfanin Epic ya haɗu da mai tsara kiɗa Quincy Jones, suka fitar da kundin Off the Wall a 1979, wanda ya ba shi “Don’t Stop ’Til You Get Enough” da “Rock with You”.

Kundin Thriller, wanda ya fito ranar 30 ga Nuwamba 1982, shi ne wurin da ya kamata mai nazari ya dakata. Waƙoƙi tara ne a cikinsa, aka ciro bakwai aka fitar da su ɗaya bayan ɗaya cikin fiye da shekara guda, kuma dukkansu suka shiga cikin goman farko, abin da ba a taɓa gani ba kafin lokacin. “Billie Jean” ta shiga jadawalin a watan Janairu na 1983, ta yi ta hawa mako bayan mako har ta kai ƙoli ranar 5 ga Maris, ta zauna nan mako bakwai, sannan “Beat It” ta biyo ta da mako uku, kafin “Say Say Say”, wadda ya yi tare da Paul McCartney a kundin McCartney, ta rufe shekarar ta yi mako shida. A wannan tsakanin ne tashar talabijin ta MTV, wadda ba kasafai take nuna bidiyon mawaƙa baƙar fata ba, ta shiga nuna nasa ba dare ba rana, kundin ya yi mako 37 a saman jadawalin kundaye, shi kuma ya kwashe kyautar Grammy takwas a dare guda a 1984.

Duk da wannan, waƙar “Thriller” kanta, wadda kundin ya ci sunanta, ba ta taɓa hawa matsayi na ɗaya ba, a na huɗu ta tsaya a farkon 1984, lokacin da “Jump” ta ƙungiyar Van Halen ke riƙe da ƙoli. Dalilin a fili yake ga wanda ya san yadda kasuwar ke tafiya: ita ce ta bakwai kuma ta ƙarshe da aka ciro, bayan miliyoyin gidaje sun riga sun mallaki babban faifan da take ciki, kuma wanda ya sayi buhu ba ya komawa kasuwa neman mudu na wannan hatsin. Amma bidiyonta mai tsawon kusan minti 14, wanda John Landis ya ba da umarni, shi ne bidiyon waƙa na farko da ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya shigar cikin rajistar finafinan da ake adanawa domin tarihi, a shekarar 2009. Matsayi a jadawali kamar matsayin ɗalibi ne a sakamakon jarrabawar zango, domin na huɗu a ajin haziƙai yana iya fin na ɗaya a ajin da babu gasa. Kamar sukuwa ce ta ranar hawan salla, wadda dokin da ya riga isa a ranar ba lallai ne ya zama shi ne mafi daraja a bargar sarki ba. Kamar kuma ciniki ne na ranar kasuwa guda, wanda ba ya nuna wane ɗan kasuwa ne ya fi jari a ƙarshen shekara.

Kundin Bad na 1987 ne ya fi tara wa Jackson lissafi, domin waƙoƙi biyar daga cikinsa suka hau matsayi na ɗaya a jere, daga “I Just Can’t Stop Loving You” zuwa “Dirty Diana”, bajintar da ba a maimaita ba sai a 2011 a hannun Katy Perry. “Black or White” ta yi mako bakwai daga watan Disamba na 1991, sannan “You Are Not Alone” ta cika ta 13 ranar 2 ga Satumba 1995, ta kuma zama waƙa ta farko a tarihin jadawalin da ta faɗo kai tsaye kan matsayi na ɗaya a makonta na farko. Shekara 37 aka yi ana buga jadawalin kafin a ga irin haka, alhali a yau abu ne da ke faruwa sau da dama a shekara guda, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa wani abu ya sauya a jikin ma’aunin.

Kafin ƙarshen 1991, ma’aikatan mujallar suna dogara ne da rahoton da masu kantunan faifai da gidajen rediyo ke bayarwa da bakinsu, kowa ya jero abin da ya ce ya fi tafiya a wurinsa. Daga ranar 30 ga Nuwamba 1991 aka koma ga na’urori, SoundScan na ƙirga kowane faifai a daidai lokacin biyan kuɗi, wata na’urar kuma na sauraren tashoshi tana gane waƙar da aka sanya. A watan Disamba na 1998 aka cire sharaɗin waƙa tilo, a 2005 aka shigar da waƙoƙin da ake saya a sauke ta intanet, daga 2007 aka fara shigar da saurare kai tsaye, a 2013 kuma aka ƙara da kallon YouTube. Ke nan sha ɗaya daga cikin waƙoƙin Jackson 13 da tsohon mudu aka auna su, biyu da na tsakiya, babu ko ɗaya da aka auna da na yau. Kwatanta adadin nasa da na mawaƙin wannan zamani daidai yake da kwatanta albashin naira ɗari na 1983 da naira ɗari ta yau, ko kuma auna gero da tiya a wannan kasuwa, a auna da gwangwani a waccan, sannan a ce an samu awo goma-goma.

Babban bambancin yana cikin ma’anar saye da saurare. Wanda ya sayi faifan “Billie Jean” sau ɗaya aka ƙirga shi, ko da ya juya shi sau dubu a ɗakinsa har ya goge, amma mai sauraren waƙa ta wayar salula ana ci gaba da ƙirga shi muddin yana komawa gare ta. Haka nan, tunda yanzu kowace waƙa a cikin kundi tana da ikon shiga, ranar da babban mawaƙi ya saki kundi sai waƙoƙinsa su kwararo cikin jadawalin gaba ɗaya kamar ambaliya, shi ya sa Drake ya kama gurbi tara cikin goman farko a watan Satumba na 2021, Taylor Swift kuma ta kama duka goman a watan Nuwamba na 2022. Wannan ba maguɗi ba ne, kuma ba ya rage wa Drake abin da ya samu da guminsa, domin “God’s Plan” ta yi mako 11 a ƙoli a 2018, fiye da kowace waƙar Jackson. Abin da yake nunawa shi ne cewa zamani riga ne, kowa da irin wadda aka ɗinka masa.

Akwai kuma iyakar ƙasa, wadda masu gardamar suka fi mantawa da ita. Waƙar Jackson “Earth Song” ta yi mako shida a matsayi na ɗaya a Birtaniya a ƙarshen 1995, amma ba ta shiga Hot 100 ba sam domin ba a fitar da ita a matsayin waƙa tilo a Amurka ba. “They Don’t Care About Us” ta tsaya a na 30 a Amurka alhali ta hau na ɗaya a Jamus, “Heal the World” kuma ta tsaya a na 27 alhali ta kai na biyu a Birtaniya. “We Are the World” ta 1985, wadda ya rubuta tare da Lionel Richie domin tallafa wa waɗanda yunwa ta addaba a Habasha da wasu ƙasashen Afirka, ta yi mako huɗu a ƙoli amma ba ta cikin lissafinsa, domin ba da sunansa aka fitar da ita ba. Ko bayan rasuwarsa ranar 25 ga Yuni 2009, lokacin da waƙoƙinsa suka mamaye jerin waɗanda aka fi saya ta intanet, dokar mujallar ta hana tsofaffin waƙoƙi komawa jadawalin, ba a sassauta ta ba sai a 2012, lokacin rasuwar mawaƙiya Whitney Houston, kuma tun bayan nan “Thriller” takan sake bayyana a jadawalin a lokacin bikin Halloween na ƙarshen Oktoba.

Kamfanoni ma ba ’yan kallo ba ne a wannan fage, domin su ke zaɓar waƙar da za a ciro, da ranar da za a sake ta, da farashin da za a sa mata, kuma an sha kama wasunsu da laifin ba ma’aikatan rediyo toshiyar baki domin a yawaita sanya waƙa. Majalisar Dokokin Amurka ta binciki wannan ɗabi’a a 1960, sannan a tsakiyar shekarun 2000 wasu manyan kamfanonin faifai suka biya miliyoyin daloli a jihar New York domin sasanta irin wannan zargi. Jadawalin dai littafin ciniki ne na masana’anta, wanda aka tanada domin masu kanti da masu talla su san inda kuɗi yake, kuma darajarsa tana cikin wannan aikin.

Darasin ya fi shafar mai karatu a ƙasar Hausa fiye da yadda ake zato. Kaset-kaset na Jackson da aka yi ta kwafa ana sayarwa a kasuwannin Kano da Kaduna da Zinder a shekarun 1980 ba su shiga lissafin kowa ba, haka kuma lokacin da “Calm Down” ta Rema da Selena Gomez ta kai matsayi na uku a Hot 100 a 2023, kunnuwan mazauna Amurka ne suka kai ta can. Najeriya ta samu jadawalin TurnTable a 2020, amma waƙar Hausa da ke yawo daga waya zuwa waya a shagunan masu tura waƙoƙi, ko take tashi a gidan biki da cikin a-daidaita-sahu, kaɗan ne daga cikin tafiyarta ke barin sawu a na’ura. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ba su taɓa hawa wani jadawali ba, kuma ba wanda zai ce wannan ya rage musu komai. Abin takaicin shi ne rashin lissafin ya jawo asarar haƙƙi da asarar tarihi, domin hukumomin al’adu da gidajen rediyon da suka ɗauki muryoyinsu ba su ɗauki adana rajista da muhimmancin da ya kamata ba, jama’a kuma sun saba da karɓar waƙa kyauta ba tare da tunanin mai ita ba.

Ana iya faɗin ranar da “Billie Jean” ta hau ƙoli da yawan makonnin da ta yi a can ne domin wasu mutane sun zauna suna rubutawa duk mako tun 1958, kuma duk lokacin da suka sauya ma’auni sun sanar da ranar sauyin. Wanda zai yi amfani da wannan lissafi wajen gardama, wajibi ne ya fara tambayar shekarar da aka yi awon, da ƙasar da aka yi shi, da irin mudun da aka riƙe. Wanda kuma yake kishin mawaƙan gida, zai fi yi musu amfani idan ya matsa a fara rubuta nasu lissafin tun suna raye.