Makarantar Sakandare: Karatu Da Safe, Ƙwallo Da Yamma

A ƙauyukan ƙasar Daura, da zarar an yi sallar la'asar, sai a ga yara sun nufi fili da ƙwallo. Haka abin yake a Mai'adua da Zango da Sandamu da Baure. Wannan ya sa wasu iyaye suna cikin damuwa. Suna cewa taura biyu ba ta taunuwa: ko dai yaro ya yi karatu, ko ya yi ƙwallo. To, amma tarihin makarantun ƙasar nan ya nuna cewa abubuwan biyu tare suka taso.

Yadda Aka Faro

A shekarar 1921 aka fara karatu a Kwalejin Katsina. A can aka horar da malamai na makarantun boko a Arewa. Da safe ɗalibai suna aji, suna koyon Turanci da lissafi da tarihi. Da yamma kuma sai a fita wasanni. Akwai ƙwallon ƙafa, akwai kuma wasan fayif, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da hannu a jikin bango.

Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya yi karatu a wannan kwaleji, kuma gwani ne a wasan fayif. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma a nan ya yi karatu. Wasa bai hana su zama shugabanni ba. A 1938 aka mai da kwalejin Kaduna, a 1949 kuma ta koma Zariya. Ita ce ake kira Kwalejin Barewa. Makarantun sakandare da aka buɗe daga baya sun gaji wannan tsari na aji da fili.

A wancan zamani, yaron Daura da ya gama firamare sai ya tafi Katsina kafin ya ci gaba. Marigayi Muhammadu Buhari ya yi firamare a Daura da Mai'adua, sa'an nan ya wuce Midil ta Katsina. Daga 1956 zuwa 1961 yana Sakandaren Lardin Katsina. Yau kuwa kowace ƙaramar hukuma a masarautar tana da makarantun sakandare na gwamnati, har da na jeka-ka-dawo.

Abin Da Ake Koyo

Sakandare shekara shida ce: uku a ƙarama, uku a babba. A babbar sakandare ne yaro yake zaɓen fanni, ko kimiyya, ko kasuwanci, ko fannin harsuna da tarihi. A ƙarshe sai ya zauna jarrabawar WAEC ko NECO. Mai son shiga jami'a yana bukatar kiredit biyar, har da Turanci, sa'an nan ya yi jarrabawar JAMB. Kuma ba sai an yi nisa ba, domin a cikin Daura akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya.

Amfanin Ƙwallo

Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. Yaron da yake motsa jiki ya fi kuzari a aji. A fili yara goma sha ɗaya ne suke aiki tare, ba mai cin wasa shi kaɗai. Nan yaro yake koyon haɗin kai, da bin umarnin alƙalin wasa, da haƙuri in an ci su. Sau da yawa ma son buga wa makaranta wasa shi ke riƙe yaro, ya hana shi gudun makaranta.

Matasa sun sha fito da sunan ƙasar nan. A watan Agusta na 1985, lokacin da Buhari yake shugaban ƙasa na soja, yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka ci kofin duniya a ƙasar Sin. Sun doke Jamus ta Yamma da ci biyu da nema. Nijeriya ta sake cin kofin matasan a 1993 da 2007 da 2013 da 2015.

Inda Haɗarin Yake

Duk da haka, cikin yara masu yawa da suke buga ƙwallo, ƙalilan ne suke cin abinci da ita. Wanda ya dace ma, shekarun wasa kaɗan ne. Targaɗe ko karaya guda ta isa ta zaunar da ɗan wasa. In ba shi da takardar sakandare, ina zai nufa? Ko yarjejeniyar da ƙungiya za ta ba shi ya sa hannu, sai mai karatu ne zai gane abin da ke ciki.

Aikin Iyaye

Bai kamata uba ya hana ɗansa ƙwallo ba, amma ya sa mata lokaci. Ya tabbata yaro ya je makaranta da safe, ya yi aikin gida, ya je Islamiyya. Ƙarshen kowane zango ya karɓi takardar sakamako ya duba da kansa. Wannan yana cikin ribar shiga ajin yaƙi da jahilci. Ya riƙa zuwa taron iyaye da malamai, ya tambayi malamin aji da malamin wasanni halin ɗansa. In maki ya yi ƙasa, a rage zuwa fili har ya gyaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.