Daga Tusar Jaki Zuwa Rigakafin Sankara: Aikin Farfesa Gérard Orth



Gérard Orth Bafaranshe ne, an haife shi a 1936. Likitancin dabbobi ya karanta, sannan ya shafe shekaru a Cibiyar Pasteur ta birnin Paris yana binciken HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa tusar jaki.

Tare da Dakta Stefania Jabłońska ta ƙasar Foland, ya bibiyi wasu marasa lafiya ƙalilan waɗanda ƙurajen ke mamaye musu jiki tun suna yara, daga bisani wasu su rikiɗe su zama sankarar fata. A ƙarshen shekarun 1970 suka gano nau'in HPV-5 cikin wannan sankara. A 2002 ayarinsa ya gano ƙwayoyin gado biyu da lalacewarsu ke raunana garkuwar fata, idan an gaje ta ta wajen uwa da uba.

Muna jan hankali: tusar jakin hannu ba ta zama sankarar bakin mahaifa. Nau'i na 16 da na 18 ne kan gaba wajen haddasa ta, kuma su ne allurar da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023 ke karewa.